Yadda Mai Akwala Zai Zauna Lafiya da Aljihunsa

Duk wanda ya sayi Golf 3 ko tsohuwar Corolla da ta ci zamaninta a Turai kafin ta sauka a Kwatano, dillali ya rantse masa cewa wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa cefane da ita. Golf 3 dai a 1991 aka fara ƙera ta, wasunsu ma sun girmi direbobinsu. Sai a yi mata uzurin shekaru.

Idan ta ƙi tashi da safe, kada maigida ya yi saurin cewa jifa ne daga maƙwabta. Ya buɗe bonet ya dubi kan batir. Farin garin nan da ke taruwa a wurin shi ke tare wuta, ruwan zafi da tsohon buroshin haƙori sun ishe shi. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 idan mota na kashe, ya haura wajen 14 idan inji na aiki. In bai haura ba, a bar batir ya huta da zargi, a kai wa mai wayarin ya duba altanato. Kafin nan yaran unguwa na nan, turi bai wuce kuɗin alewa ba. Mai otomatik ba ya cikin wannan rahama.

Salansa ba ta riƙe sirri. Baƙin hayaƙi na nufin fetur ya yi wa inji yawa, a fara da wanke matatar iska da duba fulogi, musamman bayan ƙurar hunturu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai irin wannan hayaƙi albashinsa yake fesa wa na bayansa. Shuɗi-shuɗi, inji na shan baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba, gasket ta ƙone, sai a fara gaisawa da masu ba da bashi.

Yawanci zafi ne ke kai mota can. Allura na hawa, direba na cewa bari dai ya ƙarasa gida. Gara ya tsaya, ya kashe inji, ya jira ya huce kafin ya taɓa murfin lagireto, domin ruwan da ke ciki ya wuce na shayi. Bututun roba da ya tsage ko fankar da ta daina juyawa, kuɗinsu bai kai ko kusa da na sauke inji ba.

Sai fitilar nan ruwan goro mai siffar inji. Maganin da ya fi shahara shi ne a manna mata salatif, hankali ya kwanta. Akwai wanda ya fi shi: motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da kafar da ake jona na'urar bincike, galibi a ƙarƙashin sitiyari, ta faɗi inda ke ciwo cikin 'yan mintuna.

A gareji kuwa, bakanike zai kasa kunne, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, wannan sai an sauke." Mai wayo ba ya razana, ba ya kuma jin daɗin Alhajin, don yana cikin lissafi. Yakan ce, "Malam, mu fara da mai arha." Ya samu benci ya zauna, ya kuma nemi a ba shi tsohon kayan da aka cire ya gani da idonsa.

Sayen kaya a Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, da tsohon a hannu ake zuwa. Ƙofa, madubi da fitila, na Beljiyam sun wadatar. Takalmin birki da bel ɗin taimin kuwa sababbi ake saya, ko da za a kwana biyu ana cin garau-garau babu mai.

Taya ma tana da takardar haihuwa, lambobi huɗu a gefenta: 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015. Mai faci zai shafa ta ya ce da sauranta, shi da ba zai hau hanyar Zariya da ita a zafin Afrilu ba.