Allah Ya Ja Zamanin Handawut

Masu sukar karatun aji ɗaya a sassan ilimin zamantakewa da harsuna da tarihi na jami'o'inmu, hassada ce kawai ke cin su. A ina kuma za a samu tsarin da zai karɓi yaro mai shegen yawan tambaya, wanda ya haye jarrabawar JAMB da zafinsa, cikin wata huɗu ya raba shi da wannan muguwar ɗabi'a? Iyayensa sun yi shekaru suna fama, sun kasa.

A fara da zauren lakca ranar kwasa-kwasan GST, waɗanda kowane ɗalibi sai ya yi su. Zaure ya cika maƙil, wasu kan matakala, wasu sun maƙale a taga, wasu suna gindin darbejiya suna jiran na ciki ya turo musu hoton allo ta WhatsApp. An ɗauke wuta, lasifika ta yi shiru, layi uku na gaba ne kaɗai ke jin Malam. Karl Marx ya ƙarar da rayuwarsa yana cika littattafai kan yadda al'umma ta rabu aji-aji. Mu kuwa a safiya guda ɗalibi ya gane komai da ƙafafunsa: akwai masu kujera, akwai 'yan tsaye, kuma na bakin taga ba ya da ta cewa.

Sai uwa uba, handawut. An yi mata fotokwafi, an sake yi wa fotokwafin fotokwafi, har haruffa sun fara narkewa, amma ko wasali ɗaya ba ta sauya ba. Wa ya karanta ta, ya miƙa wa ƙane. Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, amma wace handawut mai mutunci ce za ta bari ɗan wannan lamari ya ɗaga mata hankali? A Disambar 2022 hukumar NUC ta fito da sabuwar manhaja, ta tsara kashi 70, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da ita. Handawut ta ji labari, ta gyara kwanciya.

Dubi irin wahalar da take ɗauke wa yaro. Ta gaya masa Auguste Comte, Bafaranshe, shi ne uban ilimin zamantakewa, shi ke nan, a haddace. Ba ta gajiyar da shi da labarin Ibn Khaldun, wanda tun 1377 ya rubuta Muƙaddima yana bayanin yadda haɗin kan jama'a ke kafa daula, jin daɗi kuma ya rushe ta. Irin wannan karatu yana sa yaro ya fara waige-waige. Ba ta tura shi ya buɗe aikin marigayi Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina, mutumin da ya addabi ɗalibai da cewa kowane labari sai an tambayi wa ya faɗa, kuma don me. Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya kafa a Kaduna a 1970 yana nan da takardunsa, amma kuɗin mota ya yi tsada, handawut kuwa ga ta a shagon bakin ƙofa.

Ɗaliban ma an zaɓo su da hikima. Tsarin ƙasa ya ce kashi 60 na gurbi ga kimiyya, 40 ga sauran. Wanda ya nemi karatun lauya bai samu ba, sai ya ga sunansa a Tarihi ko Hausa, a gida a ce masa, "Ka yi haƙuri, Allah Ya sa haka ne mafi alheri," kamar ana masa jaje. Mai karatun Hausa ya haddace rabe-raben gaɓa da karin sauti, ba tare da an ɓata masa lokaci da karanta Magana Jari Ce daga farko zuwa ƙarshe ba. Mai Faransanci ya iya jera aikatau a takarda, baki kuwa gum. To, mene ne? Ko Maraɗi ya je, da Hausa zai yi ciniki.

Darasin falsafa da mantiƙi ya fi kowanne nuna tausayi. Mutanen Atina sun sa Socrates ya sha guba saboda yawan tambaya. Mu ba ma son 'ya'yanmu su yi irin wannan ƙarshe, shi ya sa jarrabawar ta zama zaɓi ɗaya cikin huɗu. Inda kuma ake rubutu, doka ɗaya ce: ilimi kamar tukunyar aro ce a gidan biki, a mayar wa mai ita yadda aka karɓa, a wanke tas, kada komai ya saura. Wanda ya yi rawar kai ya ƙara da "a ganina", zai sake haɗuwa da kwas ɗin baɗi. Idan kai ya yi zafi, ga hutu: yajin aikin malamai na wata tara a 2020, na wata takwas a 2022, sannan a dunƙule zango guda cikin 'yan makonni, don kada ilimi ya yi wa kowa yawa.

Gaskiya akwai sauran 'yan tsirarun malamai masu taurin kai, masu cewa a je laburare, a yi muhawara, a rubuto ra'ayi da hujja, su kuma kwana suna duba takardu ɗari-ɗari. A bar su da albashin da ake ba su, za su gaji.

Don haka muna roƙon mahukunta, don Allah kada a ƙara gina zaure, kada a ɗauki sababbin malamai, kada a sayi littafi. Yaron da ya koyi cewa "ina hujja?" a aji ɗaya, wata rana zai faɗe ta a kan kasafin kuɗi, zai kuma faɗe ta ranar zaɓe. Ranku ya daɗe, ku riƙe handawut da kyau, ita ce mai gadinku.