Gwanayen Bakin Fili

Akwai shekarar da ƙungiyar ƙwallon makaranta kan shiga kakar wasa da ƙafar hagu. A je Kafanchan a sha uku, a je Kagoro a sha biyu, a dawo gida Kwoi, gaban iyaye da 'yan mata, a sha huɗu. Ba zan kama sunan kwaleji ba, kada tsofaffin ɗalibanta su tare ni a kasuwa. A irin wannan shekara, wanda yake son kallo ya juya wa fili baya ya dubi mutanen da ke tsaye a bakinsa, don can gwanaye suke.

Babbansu shi ne kocin da ba wanda ya naɗa. Ɗan acaɓa ne ko tela, amma duk Asabar yana gidan kallon ƙwallo, don haka a ganinsa shi da Guardiola ajinsu ɗaya. Yakan tsaya daidai bayan malamin wasanni yana ihu: "Malam, cire lamba tara ɗin nan, barci yake!" A cire lamba tara, a ci mu, sai ya dafe kai: "Wane mai hankali ne zai cire lamba tara?" Yana so yara su riƙa ɗan taɓa-taɓa irin na Barcelona a filin da rabinsa tsakuwa ne, rabinsa kuma awaki sun riga kowa. In ka miƙa masa usur ka ce bisimilla, nan take zai tuna yana da fasinja.

Kusa da shi akwai wanda bai taɓa yarda an ci mu da gaskiya ba. Alƙalin wasa ne, an saye shi. In alƙalin ɗan Zonkwa ne, ƙabilanci. In ɗan Kwoi ne, ai su na gida sun fi mugunta. Ko bakwai aka zura, shida satar gida ne, ɗaya da hannu.

Sai tsohon ɗan wasa. Wannan yana da daɗin hira, in kana da lokaci. Da ba don gwiwa ba, da yanzu ana maganarsa a Turai. Ya san Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988, kuma wannan gaskiya ne. Inda labari ke karkacewa shi ne wurin da yake cewa shi ya taɓa tare Daniel Amokachi har sau uku a wasa ɗaya. Abin mamaki, duk garin da ka je a Kudancin Kaduna akwai mutum guda da ya tare Amokachi, kuma dukkansu gwiwa ce ta hana su. Hukuncinsa kan yaran yanzu gajere ne: indomi ta kashe su.

Masu binciken gaibu kashi biyu ne. Ɗaya ya rantse an binne laya a gindin ragar gabas, shi ya sa ƙwallo ke kaiwa bakinta ta juya. Ba ya bayanin yadda aka yi bayan hutun rabin lokaci, da aka sauya gefe, layar ta bi mu yamma. Ɗayan dattijon ikilisiya ne, ya tara yara su durƙusa kafin a take wasa. Matsalar kawai, su ma baƙin suna can sun durƙusa, kuma su sun haɗa da atisaye.

Ni dai wanda na fi tausaya wa shi ne mai lissafi. Yawanci malamin lissafin ne da kansa, da biro da bayan takardar jarrabawa. "In muka ci sauran wasa uku, waɗancan suka faɗi biyu, waɗancan kuma motarsu ta lalace a hanyar Kachia, muna nan da rai." Ranar da lissafi ya ƙi, sai ya koma tarihi. Kano Pillars, mai kofin lig huɗu, ba ta faɗa rukuni na ƙasa ba a 2022? Kaduna United da ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, ina take bayan 'yan shekaru? A Ingila ma Derby County ta gama kakar 2007/2008 da maki 11, wasa ɗaya tak ta ci cikin 38. Yana faɗin haka fuskarsa na walƙiya, kamar manomin da gonarsa ta ƙone ya ji labarin ta maƙwabci ma ta kama.

Akwai kuma baban da a ɓoye murna yake. Ƙasar Ham, inda Kwoi take, ƙasar citta ce, kuma in kaka ta yi ana buƙatar hannu wajen tono da yanka da shanya. Duk wasan da aka faɗi, hujja ce ta ƙaru. "Ɗana, na ga ƙwallon taku. Gobe da asuba ka ɗauki fartanya." Mama mai kunu ba ruwanta: a ci a sha don murna, a faɗi a sha don huce haushi.

Shugaban makaranta yakan bayyana ne ranar Litinin a taron safe, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ne kuma tun farkon zango ake binsa kuɗin ƙwallo ta biyu.

Duk cikin wannan hayaniya mutum ɗaya ne ba ya magana: gola. Safar hannunsa ta aro ce, gwiwoyinsa duk sun kurje, shi ke shiga raga ya ɗauko ƙwallo, shi ake zagi a hanyar komawa gida. Ba wanda ke ƙirga ashirin ɗin da ya kaɗe kafin huɗun su shiga. In hukumar makaranta za ta raba kyauta a ƙarshen zango, to a ba gola, a haɗa masa da safar hannu tasa ta kansa.