Yadda Ango da Amarya Za Su Tarbi Mai Haraji a Amurka

A Amurka, bayan an watse daga walima, akwai baƙo ɗaya da ke jira a ƙofa. Bai ci shinkafar biki ba, bai yi liƙi ba, amma sai ya ji nawa ango da amarya suka samu a shekara. Sunansa IRS, hukumar harajin ƙasar, kuma yana son amsa zuwa 15 ga Afrilu. Sababbin ma'aurata, har da Hausawan Bronx a New York, ga yadda ake tarbarsa.

Da farko a duba kalanda. Hukumar ba ruwanta da ko amarya ta tare. Matsayin mutum ranar 31 ga Disamba take dubawa. Wanda aka ɗaura wa aure a ranar bayan La'asar, muddin doka ta amince da auren, a wajenta tun Janairu yake da iyali. Gurbin tuzuru a fom na 1040 ya rufe masa ke nan.

Saura zaɓi biyu: a cika fom ɗaya na haɗaka, tsarin da ya kankama tun 1948, ko kuma kowa tasa ta fisshe shi. A lissafin shekarar 2024, masu haɗaka ana cire musu dala 29,200 kafin a fara auna haraji, masu rabuwa kuwa dala 14,600 kowanne. A ce ango na ɗaukar dala 90,000, amarya tana karatu ba ta da albashi. In sun haɗa, a kan dala 60,800 za a yi lissafi. In ango ya ce shi ba ya son a san sirrin aljihunsa, sai a auna shi a kan 75,400, a mataki mafi tsada kuma. Rufin asiri ma da farashinsa.

Sai dai sa hannu a fom ɗaya ba ƙaramar magana ba ce. Duk kuskure ko ɓoye-ɓoye da aka samu a ciki, hukumar na iya bin kowannensu cikakken kuɗin, ko da auren ya mutu daga baya. Don haka kafin ta ɗauki biro, ya kamata amarya ta yi tambayar da masu binciken aure suka manta: "Maigida, akwai bashin da ban sani ba?" In ana bin sa tsohon kuɗin ciyar da 'ya'ya, za a iya kwashe rarar da suke jira a dawo musu da ita, sai ta cika fom na 8379 kafin ta ceto kasonta.

Rabuwa tana da ranarta, musamman in ɗayansu ya sha kashe kuɗin asibiti, domin abin da ya haura kashi 7.5 cikin 100 na samu kaɗai ake rangwantawa, kuma ƙaramin albashi ya fi saurin haye wannan shingen. Amma in ɗaya ya zaɓi jera kuɗaɗen da ya kashe daki-daki, dole ɗayan ya bi sahu, ko da ba shi da rasit ko na kobo. In an raba, rangwamen ruwan bashin karatu shi ma ya tafi.

A wajen rangwame ne ango ke shan mamaki. Akwatunan lefe, sadaki, anko, mai hoto da mai kiɗa, duk a wajen hukumar sifiri ne. Kuɗin da ake tura wa Hajiya a Kano ko Damagaram duk wata, ladarsa na wajen Allah. Ba a ma sa ta cikin waɗanda mutum ke ɗauke da nauyinsu sai in 'yar ƙasa ce ko mazauniyar Amurka, Kanada ko Meksiko. Zakkar da aka miƙa wa maƙwabci hannu da hannu, haka nan. Sadakar da aka ba masallacin da doka ta amince da shi a Amurka ana karɓarta, amma in ta kai dala 250 sai da takardar shaida daga masallacin. Mai son ɓoye sadakarsa ya ɓoye wa jama'a, ban da ma'ajin masallaci.

In amarya tana gida tana jiran biza, ana iya sa ta a haɗaka, a nema mata lambar haraji da fom na W-7. Sharaɗin shi ne duk abin da take samu a duniya ya shiga lissafi, har ribar atamfar da take sarowa a Kantin Kwari. Mai mafarkin ƙari kuma ya lura: gurbin abokin zama a fom ɗin guda ɗaya ne tak.

Wadda ta sauya suna ta sanar da hukumar Social Security kafin cika fom, in ba haka ba rarar kuɗi ta maƙale. Wadda ta riƙe sunan mahaifinta ta huta. Kowa kuma ya sabunta fom na W-4 a wajen aiki.

Kafin a aika, a yi lissafin ta hanyoyin biyu a ga wanda ya fi sauƙi. Waɗanda suka raba suna da shekara uku su dawo haɗaka. Waɗanda suka haɗa, da zarar 15 ga Afrilu ta wuce, ba su da damar rabawa.