Masu Shakkar Teburin Mai Shayi

Duk wanda ya ce maka Minna cike take da mulhidai bai san Minna ba. Gari ne da ladan da mawaƙan coci ke tashin mutum daga barci ko yana so ko ba ya so. Sai dai jami'ar fasaha ta zauna a garin tun 1983, waya kuma ta shiga hannun kowa, don haka a teburin mai shayi na Dutsen Kura, bayan Isha'i, ba a rasa mutum ɗaya ko biyu da shakka ke yi wa susa. Mu masu imani kuwa ba ma barin su su sha shayinsu lafiya. Mu jefa tambaya, su ba da amsa, daga amsar kuma ake gane kowa.

Mafi saurin ganewa shi ne mai mayar da tambaya. Ka ce wa ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya ce wa ya gaya maka ɗaga ta aka yi. Ka ce ina za shi bayan ya mutu, ya ce ina yake kafin a haife shi. Da irinsa ne ke ciniki a Kasuwar Kure, da har magariba ba a sayar da tumatir ko ƙwaya ɗaya ba. A ƙarshe kai ne ka yi ta amsawa, shi bai amsa komai ba, kuɗin shayin ma kai ka biya.

Amma gwanina shi ne Injiniya. Bai zama injiniyan ba tukuna, aji biyu yake a jami'ar, can Gidan Kwano, sai dai tun ranar da sunansa ya fito unguwa ta naɗa masa wannan rawani, shi ma bai ƙi ba. Tabarau yake sawa wanda ba likita ya rubuta masa ba, jaka goye a baya ko da burodi ya fito saya, kowace magana kuma da "a kimiyyance" yake buɗe ta. Ka ce, "Injiniya, wa ya yi duniya?" sai ya ture kofinsa gefe, ya gutsuri burodi, ya matse shi a tafin hannu har ya zama curi, ya ɗaga kowa ya gani. "Haka komai yake shekara biliyan 13.8 da suka wuce," in ji shi. Sai ya buɗe hannu ya ce "fau!" Burodin dai ba ya fashewa, yana nan a dunƙule, sai ya tsoma shi a shayi ya cinye duniyar baki ɗaya.

Daga nan sai Darwin da littafinsa na 1859. Akwai wani dattijo da ke zama a ƙarshen benci, ya ce masa, "Yaro, ni ne jikan biri?" Injiniya ya rusuna, don yana da ladabi, ya ce, "A'a Baba, ban ce kakanka biri ne ba. Na ce kai da biri kakanku ɗaya." Baba ya daɗe yana juya cokali kafin ya ce, "To ka je ka yi zumuncin, ni na yafe." Sunan Richard Dawkins ba ya barin bakinsa, littafin mutumin na 2006 yana cikin wayarsa, amma duk abin da ya sani a ciki daga bidiyon minti biyu ya tsinto shi. Ranar da aka gaya masa cewa wanda ya kawo batun faruwar komai daga ɗigo guda a 1931, Georges Lemaître, limamin cocin Katolika ne ɗan ƙasar Beljiyam, sai ya duba waya ya ce sabis ba kyau, zai bincika gobe. Goben ba ta zo ba har yau.

Abin da ya sa ba a iya fushi da shi, kowa ya san sirrinsa. Jarrabawa na ƙaratowa zai kira gida, a ji shi a bayan shago murya ƙasa-ƙasa yana cewa, "Mama, a sa ni a addu'a." Wanda kuma ya taɓa shiga motar haya da shi a hanyar Bida, tankar mai ta taho tana rangaji a gabansu, ya san wa ya riga kowa salati. Aka tuna masa, ya ce wannan sabon harshe ne kawai, a kimiyyance ba ya nufin komai. Mai shayi ne kaɗai ya taɓa rufe masa baki. Ya buɗe littafin bashi a gabansa ya ce, "Injiniya, tunda duniya ita ta yi kanta, me ya hana wannan ya biya kansa?"

Akwai mai "kawo hujja". Wannan ba ya wahalar da kansa da bayani. Ya ce wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida, ya harɗe hannu. Makaminsa ɗaya ne, misalin Bertrand Russell, masanin falsafa na Ingila, wanda ya ce da zai yi iƙirarin akwai wata butar shayi tana kewaya rana tsakanin duniya da Mars, ba wanda zai iya ƙaryata shi, amma wannan ba dalilin yarda ba ne. Mai shayi na jin an ambaci buta ya waiwaya ya duba tasa.

Kwamared kuwa tsohon malamin makaranta ne, ya yi karatu a Zariya a shekarun 1980, lokacin da gemu da jar hula da sunan Karl Marx suke ado. Ka tambaye shi kan lahira, ya amsa maka da farashin taki. Yakan kawo Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956 kuma bai taɓa ɓoye rashin addininsa ba, a matsayin shaidar cewa mutumin kirki ba sai da tsoron wuta ba. Kwamared dai ya sauke farali tuni, Alhaji ake kiransa, sahun gaba yake salla. Gardamar ce ta zame masa jiki.

Wani kuma da Allah ba shi da magana, da wakilai yake. Coci ya bari, ko majalisin wani malami. Kowace tambaya ka yi, amsarta jirgin fasto ko jif ɗin malam. Ka ce ba wannan ka tambaya ba, ya ce ai nawa aka sayi jif ɗin. Kusa da shi mai "ni fa ban ce ba": bai ce akwai ba, bai ce babu ba, tambaya kawai yake yi, ranar Juma'a kuma shi ke riƙe wa surukinsa darduma.

Mu ma masu tambayar a duba mu. A garin nan Sheikh Ahmed Lemu da Hajiya Aisha Lemu suka gina cibiyar ilimin Musulunci da aka kafa tun 1969, wadda sashen da'awarta ya shahara da koyar da yadda ake amsa tambayoyi masu sarƙaƙiya cikin natsuwa. Duk da haka jarinmu bai wuce kaset ɗin muƙabalar Ahmed Deedat da Jimmy Swaggart ta 1986 ba, da labarin da ake bayarwa na Imam Abu Hanifa da jirgin ruwan da ya ƙera kansa. Akwai wani mai rubutu a mujalla, ba sai na faɗi sunansa ba, da ya ba da labarin jirgin nan har yaran mai shayi suna ƙarasa masa.

Wanda da gaske ya bar addini ba ya cikin masu surutun nan. Ka tambaye shi, ya yi murmushi ya ce, "Malam, shayinka zai huce." Ya san labarin Mubarak Bala, wanda yake shugaban ƙungiyar masu ra'ayin ɗan'adamtaka ta Najeriya lokacin da aka kama shi a Kaduna a Afrilun 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, babbar kotu a Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Shirunsa lissafi ne, ni kuma ba na matsa masa.

Saura wanda ba na iya yi wa dariya. Ba ya zuwa teburin shayi, ba shi da fuska. Sunan aro yake amfani da shi a Facebook, hoton zaki ko na tuta a maimakon nasa. Yarinya 'yar sakandare ta yi masa tambaya tsakani da Allah, tana son ta fahimta, ya amsa mata da zagin abin da iyayenta suka fi ƙauna a duniya, ya ƙara da alamar dariya. Ba hujja yake nema ba, so yake a fusata ya ƙirga masu tsokaci. Yana da abokin aiki a ɓangarenmu, mai ɗaukar hoton rubutun ya watsa a zaurukan WhatsApp na unguwa da tambayar "wa ya san wannan?" Su biyun ba su taɓa haɗuwa ba, amma kowa da ɗan'uwansa yake cin abinci. Ɗan kuka ne mai jawo wa uwarsa jifa, sai dai shi jifan ba ya samun sa. Ya kashe data ya kwanta. Washegari Injiniya, wanda bai taɓa zagin kowa ba, shi ake nunawa da baki a layi, mahaifiyarsa ta hana shi fita bayan magariba, mai gidan hayarsu kuma ya fara tambayar yaushe kuɗinsu zai ƙare.