Kun Sha Miyarsu, Kuna Musun Robarsu

Na san halinku sarai. Da kun ji an ce ƙwayoyin baktiriya na yin roba, sai taɓe baki: "Yau kuma da wace aka zo?" Wani ma daga bakin mai shayi zai ɗaga murya, wai abin da ke sa mutum zawo ne zai yi leda? To ku gyara zama, 'yan sai-na-gani.

Mu fara da tukunyar gidanku. Wa ya ruɓar da kalwa har ta zama daddawar da ke tashin ƙamshi a miyar kuka? Baktiriya. Kindirmon da ake dama muku fura da shi fa? Ita ce dai. Farin magin nan na Ajinomoto da uwargida ke barbaɗawa ba ku sani ba, a manyan tankuna ake yin sa: a ba baktiriya ruwan rake ko sitacin rogo, ta ci ta fitar da sinadarin. Tun 1956 aka gano dabarar a Japan. Shekara da shekaru kuna suɗe kwano, yau ne za ku ce ƙazanta?

Ita ma robar ba jiya aka fara ba. A 1926 wani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya gano cewa wata baktiriya na tara wani abu a cikinta don ranar yunwa, kamar yadda raƙumi ke ajiye kitse a tozo. Wannan guzuri nata, PHB, roba ce mai ruɓewa. Wani nau'in kan cika ciki da ita har ta kai kashi 80 cikin ɗari na busasshen jikinsa. Raina kama ka ga gayya!

Daga baya masana suka koyi dasa wa ƙwayar sabon umarni a cikin halittar gadonta. E. coli ɗin da kuke zagi, da ita aka yi insulin na masu ciwon suga da ya shiga kasuwa a 1982. A jihar Tennessee ta Amurka kuma, masarar da kuke gasawa ita aka mayar suga aka ba ta, ta juya shi sinadarin zaren Sorona da ake yin kafet da tufafi. Lebura ke nan ba albashi, ba yajin aiki, ba zuwa biki.

Inda kuka yi gaskiya ɗaya ne, shi ma ba ku kuka faɗa ba, ni na taya ku: tsada. Robar fetur ta fi araha, har wata babbar masana'antar robar baktiriya a jihar Iowa ta tsaya a 2012 don ciniki bai biya ba.

Saboda haka ku ci gaba da musu, ba a biyan haraji a kansa. Amma ledar da ta toshe kwatar ƙofar gidanku, wadda akuyar maƙwabci ta haɗiya cikinta ya kumbura, ba baktiriya ce ta jefar da ita ba. Ku tashi ku kwashe.