Jinjina ga NITEL, Malamin Haƙuri

Mutanen ƙasar nan ba su iya godiya ba. Kowa ya tashi yabon kamfanin waya sai ya kama sunan MTN ko Glo ko Airtel, a bar NITEL, dattijon da ya shafe shekara 16 yana koya wa 'yan Najeriya haƙuri ba tare da ya taɓa gajiya ba.

A 1985 aka kafa shi, bayan an haɗe sashen tarho na P&T da NET mai kula da kiran ƙasashen waje. Ɗan gata ne tun ran suna. Baitulmalin gwamnati na bayansa, turakunsa sun jeru daga Legas har Maiduguri, ga injiniyoyi, ga filaye, ga dogon benen NECOM mai hawa 32 a Marina. Babban gatan kuma shi ne ba shi da kishiya. Duk wanda ya san gidan aure ya san abin da kishiya ke jawowa: ta hana barcin safe, ta sa a ƙara nama a miya, kullum sai an sake kwalliya. Allah Ya tsare NITEL daga wannan fitina, shi ya sa ya samu natsuwar da zai yi aikinsa a tsanake.

Aiki kuwa ya yi shi. Zuwa 2001, ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 ba ta da layin waya ko rabin miliyan. Masu hassada na kiran wannan gazawa. Ina ruwansu da hikima! Abin da ya yi yawa ai darajarsa zubewa take yi. A zamanin NITEL, in an ce gidan wane akwai tarho, to an gama magana, ko aure ɗansa ya je nema ba a dogon bincike. Mai riƙe da wayar hannu ta 090 kuwa, tun daga nesa ake miƙe masa. Yau fa? Mai sayar da rake na da layi biyu.

Dubi kuma tarbiyya. Mutum ya cike takardar neman layi, ya koma gida ya jira wata da watanni, wani ma shekaru, yana leƙawa ofis ana ce masa fayil na kan teburin oga. In layin ya samu, sai ya zura yatsa ya murza 064 ko 062, ya kasa kunne, ya ajiye, ya sake murzawa, har ya haddace lambar ba da niyya ba. Ruwan sama ya sauka, layi ya ɗauke, a zauna jiran mai tsani. Masu son gaisawa da ɗan'uwa a Makka ko Landan kuma su yi sammako zuwa ofishin kamfanin, su bi layi kafin su samu layi, a nan a saba, a ƙulla zumunci. Wace makaranta ce ke ba da irin wannan horo? Ban da haka, ƙarya ta yi ƙaranci, domin ba wanda zai ce maka yana Kaduna alhali yana bayan gidanka.

Sai gwamnatin Obasanjo ta zo da rashin kunya. A Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285, kuma a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Kada wani ya ce an zalunci NITEL: shi ma an ba shi lasisin, ga reshensa M-Tel, ga kayan aikin da baƙin ba su da ko rabinsa. Amma babba ba ya tsere da yara. Suna hawa duwatsu suna kafa dogayen ƙarafan sabis, shi yana zaune da mutuncinsa. Har kason igiyar SAT-3 ta ƙarƙashin teku yana hannunsa, babbar ƙofar intanet ɗin ƙasar kafin MainOne da Glo-1 su fara aiki a 2010, ya riƙe ta riƙon amana, bai yarda ta wahala da aiki ba.

A yi adalci, yaran ma sun so su ɗauki darasi. Da suna su biyu sun fara nuna alamun dattaku: layi kaɗai a kan dubban nairori, kira naira 50 a minti, ko sallama kawai ka yi ka kashe sai ka biya kuɗin minti cur. Lissafin daƙiƙa-daƙiƙa kuwa, aka ce ba zai yiwu ba tukuna. Kwatsam a 2003 Mike Adenuga ya shigo da Glo da lissafin daƙiƙa, sai ga abin da ba ya yiwuwa ya yiwu a wurin kowa cikin ɗan lokaci. Ka ga sharrin gasa ke nan: ta sa manya tashi tsaye su tuno da fasahar da suka manta suna da ita. Yanzu ga inda ta kai mu, layuka sun haura miliyan 150, mutum ba ya iya ɓuya ko daga mai binsa bashi.

NITEL dai bai sauya hali ba har ƙarshe. An kawo Pentascope a 2003 ta gyara shi, ya fi ƙarfinta. Transcorp ta sayi kashi 51 cikin ɗari a 2006, gwamnati ta karɓe abinta a 2009, yana nan yadda aka san shi. Saboda haka duk kamfanin da yau yake cin kasuwa shi kaɗai, yake da kuɗi da kunnen hukuma, kada ya bari 'yan zamani su ruɗe shi da zancen ƙirƙira, ga magabaci nan ya shata masa hanya. A 2014 aka sayar wa NATCOM kadarorin NITEL da M-Tel gaba ɗaya a kan dala miliyan 252, kuɗin da bai kai na lasisi guda na 2001 ba.