Magatakardan da ya cika biyayya

A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, masunta kan jeru a bakin kogin Matan Fada da gora da homa, ba mai motsi sai an ji ƙarar bindiga. Daga nan kuwa sai rububi. Haka manhajoji irin na Node.js suke aiki: suna zaune jiran aukuwa. Mai POS a kasuwar Augie ya danna maɓalli, wani a Birnin Kebbi ya turo kuɗi, duk a lokaci guda.

Cikin wannan turmutsutsu dole a sami magatakarda mai rubuta wa ya shigo, yaushe, me ya faru. A manhajojin Java, sanannen mai wannan aiki shi ne Log4j. Saita shi kuma sai da lura. A ajiye shi kan matakin DEBUG, har tsalle-tsallen kwaɗi zai rubuta, ma'ajiya ta cika kafin azahar. A kai shi ERROR, ba zai ɗaga alƙalami ba sai kwalekwale ya kife.

A Disambar 2021 asirinsa ya tonu: ashe malam ba rubutawa kawai yake ba, yana bin umarnin da ke cikin rubutun. 'Yan wasan Minecraft sun gwada, saƙo guda a wurin hira ya isa a ƙwace kwamfutar da wasan ke kai. Kamar a ce masunci ya ba da sunansa "Miƙo mini mabuɗin sito", magatakarda ya rubuta, sannan ya miƙa.